Hadarin da Bature Yake Gudu Shi Manomi Yake Jira: Sharhi Kan Kalmomin Tsoro a Turanci

Ka karɓi littafin rubutun ɗan aji shida a kowace sakandaren jeka-ka-dawo daga Gumel har Birnin Kudu, ka juya can baya inda yake tara kalmomin Turanci da fassararsu. Za ka ga “afraid”, a gabanta an rubuta tsoro. “Fearful”, tsoro. “Dreadful”, abin tsoro. “Ominous”, abin tsoro. “Sinister” ma abin tsoro. Yaron bai yi ƙarya ba, malamin da ya ba shi fassarar ma bai cuce shi ba. A aji cike maƙil, da darasin minti arba'in, iya abin da za a yi ke nan. Sai dai ranar da ya zauna gaban takardar Turanci ta WAEC ko NECO, ko gaban kwamfutar JAMB, za a ja layi a ƙarƙashin kalma ɗaya, a jero masa wasu huɗu ko biyar, a ce ya zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Dukansu tsoro ne a littafinsa. Daga nan sai canki-canka.

Abin mamakin shi ne, a harshensa yaron nan ba ya haɗa waɗannan abubuwa. Ya san matar da mijinta ya tafi cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, har aka yi isha'i bai dawo ba, wayarsa kuma a kashe, fargaba take ciki. Ya san wanda ya zura hannu a rumbu ya taɓo sanyin maciji razana ya yi. Ya san wanda ya tsara maganarsa tun daga gida, da ya zube gaban hakimi sai ta ɓace masa, kwarjini aka yi masa. Hausa takan ɗora irin wannan bambanci a kan aikatau da gaɓoɓin jiki: gabana ya faɗi, tsigar jikina ta tashi, hantar cikinsa ta kaɗa, jikina ya ba ni. Shi kuwa Turanci sifofi ya tara birjik, kowace da wurin zamanta. A ganina tambaya ɗaya ce take warware mafi yawan rikicin: a ina tsoron yake zaune? A cikin mutumin ne, ko a jikin abin da yake kallo, ko kuwa abin bai ma iso ba tukuna, alamarsa ce kawai ta riga shi zuwa?

Na farko da na biyu ba su da wuyar rabawa, domin mu ma muna da mai tsoro da mai ban tsoro. Ɗafa-ƙeyar kalma ce take nuna su a Turanci. “Frightened” da “terrified” da “scared” na wanda tsoron ya kama ne. “Frightening” da “terrifying” da “scary” na abin da ya ba da tsoron ne. Ɗalibar da ta rubuta “I was very frightening” tana nufin ta tsorata, amma abin da ta faɗa shi ne ita ce dodon.

“Afraid” ta fi kowace yawan shiga baki, ta kuma fi kowace ƙa'ida. Ba ta zama a gaban suna. Ana cewa “the boy is afraid”, amma ba a cewa “an afraid boy”, sai dai a ce “a frightened boy”. Halinta ɗaya da “asleep” da “alive” da “alone”. Sannan 'yar kalmar da take biye da ita tana juya zancen gaba ɗaya. Uban da ya ce “I am afraid of my son” tsoron ɗansa yake ji, wato yaron ya gagare shi. Wanda ya ce “I am afraid for my son” kuwa jiye masa yake yi, wataƙila yaron ya ɗauki jaka ya tafi haƙar zinari wata ƙasa. Ga kuma wani amfani nata da babu tsoro a cikinsa ko ɗigo. Idan takarda ta zo daga ofis tana cewa “I am afraid your name is not on the list”, sai ka ji saurayin da aka kira ya karanta wa dattijo yana cewa, “Baba, wai shi ma tsoro yake ji.” Ba tsoro yake ji ba. Ladabin isar da labari marar daɗi ne, daidai da namu na “sai dai fa a yi haƙuri”.

A cikin sifofin mai jin tsoro akwai hawa-hawa. “Nervous” ɗari-ɗari ne da rawar jiki, irin na wanda zai hau mumbari karon farko. “Apprehensive” da “anxious” su ne fargaba da zullumi, tsoron abin da bai zo ba. “Frightened” ta fi jan hankali zuwa ga firgitar farat ɗaya. “Terrified” ta kai maƙura. “Petrified” daga kalmar Girkanci ta dutse ta fito, ma'ana mutum ya ƙame, ya sandare a tsaye. Duk waɗannan yanayi ne, suna zuwa su wuce. “Timid” da “cowardly” kuwa hali ne. Ta farko mai sanyi-sanyi ne marar kuzarin tunkarar mutane, ta biyu matsoraci ne, kuma zagi ce. Jarumi yana iya zama “afraid” a daren da ɓarayin shanu suka shigo ruga, ya fito da sandarsa duk da haka.

Akwai biyu da ya kamata a tsaya a kansu, “terrified” da “horrified”. Wanda bijimi ya tsinke ya biyo shi a kara “terrified” ne, ransa yake tsoro wa. Wanda ya iso daga baya ya ga abin da bijimin ya yi wa wani “horrified” ne. Shi babu abin da yake binsa, munin abin da ya gani ne ya girgiza shi. Tushen kalmar a Latin yana nufin gashi ya miƙe tsaye, abin da muke cewa tsigar jiki ta tashi. Mutanen da suka waye gari a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, bayan tankar mai ta kama da wuta ta ci mutum fiye da 150, Allah ya jiƙansu da rahama, abin da idonsu ya gani “horrific” ne. A nan ne wani mugun rami yake. Tunda “horror” ta haifi “horrific”, hankali zai ba ka “terror” ma ta haifi “terrific” da irin wannan ma'ana. Da can haka ne. Amma tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 kalmar ta sauya sheƙa ta koma yabo, yau “terrific” na nufin abu ya yi kyau matuƙa. Wanda ya rubuta “a terrific accident” a takardar ta'aziyya ya yi ɓaranɓarama.

Wannan sauya sheƙa ba na “terrific” kaɗai ba ne. Kalmomin tsoro suna lalacewa da yawan amfani, ko su yi laushi ko su juye. “Terrible” da “horrible” da “dreadful” da “awful” duk sun yi laushi, sun zama “marar kyau” kawai. Bature yakan ce shayin da aka ba shi “awful” ne don ya huce. Alhali asalin “awe” shi ne haiba, tsoron da yake gauraye da girmamawa, kuma a tsofaffin littattafansu da “awful” ake siffanta girman Ubangiji. 'Yar uwarta “awesome” ita kuma sama ta yi, ta zama yabon samari. “Formidable” ta fito daga kalmar Latin ta tsoro, amma yau idan aka ce ɗan dambe “formidable” ne, yabonsa aka yi, an ce ba kanwar lasa ba ne. Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba, shi da yake cewa yarinya tana da masifar kyau, tuwo ya yi mugun daɗi, wane ya iya noma kamar bala'i. “Terribly kind” da “awfully good” aikin da suke yi ke nan. Ɗalibin da aka nuna wa wannan sau ɗaya ba ya sake mantawa, domin ya ga abin gidansu ne.

“Fearful” ce mai baki biyu. “A fearful child” yaro ne mai tsoro, “a fearful storm” kuwa guguwa ce mai ban tsoro, sai jimla ta nuna maka wanne ake nufi. “Fearsome” ba ta da wannan matsala, kullum abin da ake tsoro take siffantawa.

Kashi na uku shi ne mai zurfin, inda babu abin da ya faru tukuna. Uwar gidan nan ita ce “ominous”. Ta fito daga “omen”, wato alama ko ishara ta abin da zai zo. A wurin Rumawa alamar tana iya zama ta alheri ko ta sharri, har yau ma ana cewa “a good omen”. Amma sifar ta karkata gefe ɗaya, “ominous” ba ta zuwa sai da sharri. Abin da ya bambanta ta da duk waɗanda muka wuce shi ne, abin da ake siffantawa da ita sau da yawa shi kansa ba abin tsoro ba ne. Shiru ba ya cizo. Amma idan kwaɗin fadama da suka cika dare da kuka suka yi tsit lokaci ɗaya, ko ka shiga gida da sallama ka tarar da mata sun yi jugum babu mai ɗaga ido, shirun nan “ominous” ne, domin yana nuni da wani abu a bayansa.

Misalin da littattafan Turanci suka fi so shi ne gajimare: “dark, ominous clouds”. A nan ne ɗan manomi yake faɗuwa, kuma ba don rashin hankali ba. A Ingila ana ruwa a kowane wata na shekara, baƙin gajimare a wurinsu ɓata rana ne, da sanyi, da haɗari ga jirgin ruwa. Yanzu ka tsaya a bakin wani ƙauye a ƙasar Gumel ko Kazaure a ƙarshen Mayu. Rabon ƙasa da ruwa tun Oktoba. An yi sharar gona, an kai taki a amalanke an zuba tsibi-tsibi, masu ƙarfin hali ma sun yi binne, irin gero yana kwance a busasshiyar ƙasa yana jira. Da la'asar sai gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta taso tana kwasar ledoji da karmami, mata suna rige-rigen kwashe shanya da jawo itace cikin ɗaki, yara sun fita tsakar gida suna tsalle, tsoho a kan buzunsa ya ɗaga kai ya ce, “Alhamdu lillahi, hadari ya haɗo.” Yaron da ya tashi a wannan, idan aka tambaye shi ma'anar “ominous” a jimlar gajimare, aka sa masa “promising” a cikin zaɓi, hannunsa can zai tafi. Abin da ya sani game da baƙin sama ke nan.

Hanyar fahimtar da shi ba ta da nisa, sai a matsa da shi wata uku gaba, a gangara kwarin Haɗeja. Ƙarshen Agusta ne ko farkon Satumba, a Auyo ko Kafin Hausa ko Guri. Kogi ya cika ya batse da ruwan da yake gangarowa daga wajen madatsun Tiga da Challawa, kacala ta toshe hanyoyin da ya kamata ya bi ya wuce, shinkafa ta fara fitar da kai. Magidanta sun kwana a kan jinga da fitilu a goshi suna jera buhunan yashi, ruwa saura kaɗan ya taɓa baki. Sai gabas ta sake haɗewa, baƙin nan dai irin na Mayu. Babu mai tsalle. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a wannan yanki ya san abin da zuciyarsa take faɗa masa a lokacin. Wannan hadarin shi ne “ominous”. Haka ma idan dawa ta fara nuna, mai gona ya hango wani duhu can nesa yana murɗawa kamar hayaƙi, ya gane jan-baki ne suka taso. Ko tsuntsu ɗaya bai sauka a gonarsa ba tukuna. Ma'anar kalmar ba a jikin gajimaren take ba, tana tsakanin alamar da abin da mai kallo ya san yana biyo ta.

Maƙwabtanta kowace da inda ta bambanta. “Threatening” da “menacing” sun fi kusa da a yi, kuma galibi akwai mai niyyar yin: mutum ya zare ido ya matso da gora a hannu. “Eerie” ba ta yi alkawarin komai zai faru ba, baƙon yanayi ne kawai mai tayar da tsigar jiki, irin na ratsa kasuwar ƙauye da tsakar dare, rumfuna a jere babu kowa, ko wucewa gindin tsohuwar kuka da rana tsaka. “Foreboding” ita ce “jikina ya ba ni”. Kada a haɗa ta da “forbidding”, wadda take siffanta fuska ko wuri da yake korar mutum tun daga nesa, fuskar da babu alamar wasa a cikinta. “Baleful” kusan kullum da kallo take tafiya, mugun kallo. “Dire” kuwa abokan tafiyarta ƙididdigaggu ne, “dire consequences”, “dire need”, “dire warning”, kuma tana nufin abin ya kai intaha.

“Sinister” ta cancanci a zauna mata. Tana siffanta abin da ake jin akwai mugun nufi a ɓoye a ƙarƙashinsa: murmushin da bai kai zuci ba, baƙon da ya cika tambayar gidan wane ne ya sayar da shanu a satin nan. A Latin ma'anarta hagu, ba wani abu ba. Masu duban Rumawa kudu suke fuskanta idan za su karanta alamun sama, saboda haka gabas tana hagunsu, kuma da farko hagu alheri ce a wurinsu. Girkawa kuwa arewa suke fuskanta, hagunsu yamma ce, mafaɗar rana, suna ɗaukarta gefen sharri. Ra'ayin Girkawa ne ya rinjaya, shi Turanci ya gada. Dama kuma ta ba su “dexterous”, mai gwanintar hannu. Mu da ake buge wa yaro hannu idan ya miƙa abu da hagu, muke kuma cewa bahagon mutum da bahaguwar fahimta, ba ma buƙatar dogon bayani. Abin da ya fi wannan ma, kalmarmu ta shu'umi hanya ɗaya ta biyo. Daga Larabci take, daga tushen da ya haɗa hagu da rashin sa'a, tushen da ya zo a Suratul Waƙi'a inda aka ambaci as'habul maimana da as'habul mash'ama. A bakin Bahaushe kuwa shu'umin mutum ya zama mai mugun wayo, wanda ba a gane inda ya dosa. Idan ana neman fassarar “sinister” da kalma ɗaya, ban ga wadda ta fi wannan kusa ba.

Tsuntsaye ma sun bar sawunsu. “Auspicious” da kishiyarta “inauspicious” sun fito daga kalmomin Latin biyu, tsuntsu da dubawa. A tsohuwar daular Rum ba a fita yaƙi, ba a buɗe babban taron hukuma, sai an duba tsuntsaye, har rundunoni suna tafiya da kaji a keji saboda wannan aiki. Idan aka watsa musu tsaba suka ci da zafi-zafi, alheri ne. A shekara ta 249 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wani kwamandansu mai suna Claudius Pulcher zai kai wa jiragen ruwan Kartaj, wata daula a arewacin Afirka, hari a Drepana, gaɓar tsibirin Sisili, sai kajin suka ƙi ci. Marubutan Rum sun ruwaito cewa ya sa aka watsa su a teku, ya ce tunda ba za su ci ba, to su sha. Aka ci shi da yaƙi, ya rasa jirage 93, Rumawa kuma suka ɗora laifin a kan raina kaji. Larabawan jahiliyya su ma haka suke yi: mai niyyar tafiya ya tayar da tsuntsu, in ya yi dama ya kama hanya, in ya yi hagu ya koma gida. Shi ya sa sunan camfi a Larabci, ɗiyara, daga sunan tsuntsu ya fito. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kore shi, tare da hama, wadda malamai da yawa suka fassara da mujiya, da kuma camfa watan Safar.

Wannan ya kawo wata tambaya da ɗalibai masu karatun islamiyya sukan yi, kuma tambaya ce mai kyau: “Allah gafarta Malam, to in mutum ya ce abu ‘ominous’ ne, bai yi camfi ba?” A Turancin yau, a'a. Kalmomin sun bar kaji da taurari a baya, sun koma kan lissafi da sanin yau da gobe. Likita yakan kira wata alama a jikin majinyaci “ominous” don ya san abin da ta saba haifarwa. Idan farashin gero ya tashi a Dawanau ana tsakiyar kaka, lokacin da ya kamata ya faɗi, duk magidanci ya san bazara za ta yi zafi, kuma ɗan jarida zai kira wannan “an ominous sign” ba tare da ya je wurin mai bugun ƙasa ba. “Inauspicious start” farawa ce da ba ta ba da ƙwarin gwiwa ba, kamar ƙungiyar da aka zura wa ƙwallo a minti na biyu. Waɗanda har yanzu suke da warin camfi su ne irin su “ill-omened” da “unlucky” da “jinxed”, su ne dangin farar ƙafa da ƙashin tsiya a wurinmu.

Sai dai abin da ake camfawa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma mai karatu yana buƙatar sanin wannan kafin ya gane me ya sa marubuci ya sa wata sifa a wani wuri. Juma'a babbar rana ce a wurinmu, su kuwa idan ta faɗo ran 13 ga wata wasunsu ko tafiya ba sa so. Baƙar kyanwa rashin sa'a ce a Amurka, a Birtaniya kuwa da yawa sa'a suke ɗaukarta. Mujiya a littattafan yaransu alamar hikima ce, gadon Girkawa, amma a tsohon adabinsu tamu ce sak. A wasan Julius Caesar na Shakespeare, cikin abubuwan da aka lissafa kafin kashe Kaisar har da tsuntsun dare da ya sauka a kasuwa da rana tsaka yana kuka, kuma sifar da mai ba da labarin ya ba waɗannan abubuwa ita ce “portentous”, wato masu nuni da babban al'amari mai zuwa. Ita wannan kalma yau ta sami ma'ana ta biyu, ana jifan mai magana da ita idan ya cika kumbura murya a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ko “dismal”, wadda yanzu take nufin abu marar armashi kawai, asalinta “miyagun ranaku” ne a Latin: kwana biyu a kowane wata, 24 a shekara, da kalandar Turawan da take yi wa alama a kan kada a fara komai a cikinsu. Larabganarsu ke nan, sai dai tasu ta fi tamu yawa. “Disastrous” kuma daga tauraro take, mugun tauraro.

Wani abu da yake taimakawa wajen zaɓe shi ne nauyin kalma. Turanci hawa-hawa aka gina shi. “Fear” da “fright” da “dread” na asalin harshen ne. “Scare” mutanen arewacin Turai da suka riƙa kai hari Ingila ne suka bar ta. “Afraid” ta shigo ta Faransanci, bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. “Ominous” da “portentous” kuwa malamai ne suka ɗebo su daga Latin, “timorous” ma asalinta Latin ne. Gajerun na hira ne, dogayen na rubutu da huɗuba, kusan yadda kalmomin Larabci suke ƙara wa Hausar malami nauyi. Yaron da ya rubuta wa abokinsa wasiƙa ya ce ya kasance “timorous” da ya ga kare ya sa babbar riga ya shiga gona. “Scared” ta ishe shi. Masu gyaran takarda kuma ba nauyin kalma suke ba maki ba, dacewarta suke dubawa.

Saura dangin “fate”, kuma a nan ba ɗalibai kaɗai ba, har manya suna zamewa. “Fatal” na nufin an rasa rai. A Turancinmu na Nijeriya sai ka ji an ce wane ya yi “fatal accident” amma ya samu sauƙi an sallame shi. In dai ya tashi, haɗarin “serious” ne, ko kuma “ghastly”, kalmar da jaridunmu suka riƙe tamau. “Fateful” ba lallai a mutu ba, rana ce ko shawara da ta juya al'amura, galibi zuwa ga abin baƙin ciki. Yaranmu sun haddace “on that fateful day” suna buɗe kowane insha'i da ita, sai ka karanta har ƙarshe ka tarar ranar da aka kai su gidan zu a Kano ce, suka sha rake suka dawo lafiya.

“Ill-fated” ita kuma baya take kallo. Idan “ominous” tana tsaye kafin abu ya faru, ita tana tsaye bayansa. Ba a kiran jirgin Titanic “ill-fated” ranar da ya bar Ingila a watan Afrilun 1912, sai bayan ya nutse. Mai fassara labarai zuwa Hausa yakan so ya jawo ƙaddara a nan, tunda ƙamus ya ce “fate” ƙaddara ce. Amma ƙaddara a wurin Musulmi ta haɗa mai daɗi da marar daɗi, an kuma umarce shi ya yi imani da duka biyun, saboda haka “motar da aka ƙaddara” ba ta faɗi komai ba, kowace mota an ƙaddara mata. Kalmar da take ɗauke da gefen sharrin kaɗai, take kuma zuwa bayan an gama, ita ce tsautsayi. “The ill-fated boat” a labarin kwalekwalen da ya kife da masu dawowa daga gona a lokacin ambaliya, kwalekwalen da tsautsayi ya rutsa da shi ne, kuma haka masu fassarar rediyo da suka san aikinsu suke faɗa.